Kwaɗin Gwalalon Halwa

Ni na ce a haƙa gwalalon. Ba wanda ya sa ni.

Na gama sakandare, sakamako ya fito, bai kai ni ko'ina ba. Shekara guda na yi ina kankare gansakuka a tsohon haikalin dutse da ke bayan garinmu, tare da masu gyaransa. Abu ɗaya na koyo a can. In ka zauna a ƙofar gabas da tsakar rana, iskar da ta tsallako ruwan da ya kewaye haikalin sanyi gare ta kamar ta bakin randa. Waɗanda suka yi ginin ba su da fanka. Ruwa suke da shi, da hankali.

A wannan ranin Lok Ta, tsohon da ke shugabantar 'yan zuhudun wat ɗinmu, wato gidan ibadar Buddha na garinmu, ya ce yana son ɗakunan halwa tara a bayan gidan ibada, saboda tsofaffin matan da ke aske kai su sa fararen kaya da damina. Kawu Sarun, shugaban kwamitin wat, ya ce abu mai sauƙi: bulo, kwano, fanka. Kawu Sarun irin mutumin nan ne da in ya ga ciyawa sai tausayinta ya kama shi, don ba a zuba mata siminti ba.

Na kai zanena. A bayan littafin lissafi na yi shi. Na durƙusa, na haɗa tafin hannu, na miƙa wa Lok Ta. Kawu Sarun ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Borei, wannan akurkin kaji ne?"

"Ɗaki ne, Kawu. A kan dirkoki, iska ta bi ta ƙasa."

"Layin nan da ya zagaye fa?"

"Ruwa."

"Lok Ta, ka ji. Yaro ya share dutse shekara ɗaya, ya dawo yana jin shi ya gina tsohon birnin Angkor."

Lok Ta ya daɗe yana kallon zanen. A juye ya riƙe shi, ban gyara masa ba. Can ya ce in gina uku tukuna. In damina ta faɗi, mata uku za su shiga halwar kwana bakwai. In duka suka cika ba wadda ta tsallake gadar gwalalon ta fita, ni zan gina sauran shidan. In ɗaya ta fita, Kawu Sarun ya cike gwalalon da ƙasa ya zuba simintinsa.

A gida uwata ta riga ta sayi jaka. Ƙaninta ya samo mini gurbin ɗaukar rodi a wani gini a Thailand, motar kuma za ta tashi kwana biyu bayan halwar. Ta ce ba ta hana ni wasa da laka ba, amma in ɗakunan ba su karɓu ba, in shiga mota. Na ce to.

Dirkokin na ciro daga wani rumbun shinkafa da ya faɗi. Bango ganyen giginya, daɓe tsagin gora, jinka mai tsini don ruwa ya zame. Matakala biyar-biyar, domin mai shida ta fatalwa ce, kowa ya sani. Ƙasar da na haƙo ita na tara a tsakiya, ɗakunan suka hau tudu. Bakin ruwan na jera marmara. Ban sa ƙusa ko ɗaya a jinka ba.

Cikin tsananin zafi Kawu Sarun ya hau ɗaya don ya samo aibi. Ya zauna. Ya jingina da bango. Awa biyu yana minshari. Da ya farka ya goge baki ya ce, "Sauro zai cinye su," ya sauka.

Damina ta faɗi. Gwalalo ya cika, bado ya tsiro, iska ta yi daidai da yadda na zana ta. Kwana uku ina jin kaina mutum.

Matan suka shiga. Kaka Pring, Kaka Lun, da Kaka Sokhom, wadda ta haifi uwata. Shekara arba'in Kaka Sokhom tana sayar da gasasshen kwaɗo a kasuwa, a cusa masa niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi, a matse shi a tsinken gora. Yanzu ta aske kai, ta bar kisa. Dokar halwa uku ce: ba magana, ba ci bayan tsakar rana, a zauna a ƙirga numfashi. Ni nake tsallaka gada da abincinsu da safe, in duba jinka ko ta yi yoyo.

Ranar farko da yamma aka yi ruwa. Yana ɗaukewa suka fara.

Ban taɓa tunanin kwaɗi ba. A zanena babu su. Ƙananan suna yi kamar ana girgiza gwangwani cike da tsakuwa. Manyan burduddugi kuwa kamar an jefa bijimi a rijiya yana kiran uwarsa. Mai sayar da taliya a bakin kasuwa ta ce har can tana ji. Duk kwaɗin lardinmu sun samu labari cewa akwai ruwa a cikin wat, inda ba a kisa.

Kawu Sarun ya zo da laima ya tsaya a bakin gada.

"Me ka ce, Borei? Ban ji ba."

"Ban ce komai ba, Kawu."

"Au, na ɗauka kana yi mini bayanin wurin shiru ne."

Ya bi bakin gwalalon yana taku yana ƙirgawa. Ya dawo ya ce ƙasa tifa goma sha biyu za ta isa.

Washegari na kai abinci ina duban fuskokinsu. Kaka Pring ba ta ɗago ba. Kaka Lun ma haka. Kaka Sokhom ce ta kafe ni da ido har na sauka. Na san kallon nan tun ina rarrafe, ko kuma na ɗauka na san shi. Na ce a raina saura kaɗan ta naɗe tabarma.

A cikin wat ko tururuwa ba a takawa da gangan. Kashe su ba zai yiwu ba, sai dai kwasa. Na aro koma da bokiti huɗu. Safiya biyu, ta uku da ta huɗu, ina cikin ruwa har ƙugu ina tsamo su daga ƙarƙashin bado. In bokiti ya cika in ɗaure bakinsa da tsumma, in tsallake shinge, in juye a gonar shinkafar Kawu Sarun. Akwai wata gona da ta fi kusa. Ban bi ta can ba.

Rana ta huɗu da yamma ruwa ya sauka, ya ɗauke. Shiru. Kwaɗo biyu ne suka gwada, suka ji ba mai amsa musu, suka haƙura. Har ɗigar ruwa daga jinka ana ji. Na tsaya a gada na ce yanzu ne aka samu ɗakin halwa.

Rana ta biyar da safe na hau da faten shinkafa. Ina ajiye kwanon, Kaka Sokhom ta kama kunnena ta jawo ni ciki. Muryarta ƙasa-ƙasa, amma yatsunta ba su yi halwa ba.

"Ina kwaɗin?"

"Kaka, ba a magana."

"Na tambaye ka, ɗan banza."

"Na kwashe su. Don ku samu shiru."

"Wa ya aike ka?"

"Kin yi mini wani kallo."

"Kallon a ƙara gishiri a fate nake yi maka. Uwarka kullum kamar ita ke haƙo gishirin."

Ta saki kunnen. Ta nuna bango da leɓe. Ɗakunan na jera su kusa da juna, taku uku tsakani, don kada haƙa ta yi mini yawa. Bangon kuwa ganye ne. Ashe kwaɗi na farawa su ma sai su fara. Kowacce ta matsa jikin bangonta, a yi ta hira har kukan ya lafa, ba wanda ke ji daga waje.

"Pring ta kai rabin labarin yadda surukinta ya sayar wa wani saniya mai ido ɗaya," in ji ta. "An zo daidai inda mutumin zai zagaya ya duba ɗaya gefen. Jiya muka jira, shiru. Lun har kuka ta yi. Ta ɗaure kayanta. In ba kwaɗi yau da yamma, tana tsallake gadarka."

"Kaka, halwa kuka zo."

"Halwar muke yi. Daga safe har yamma muna ƙirga numfashi. Ka taɓa ƙirga numfashi wuni guda? Numfashi ba shi da labari, jikana. Ya shiga, ya fita. Ya sake shiga."

Na shafa kunnena.

"Ka je ka dawo da su. Har da babban nan mai murya a shaƙe. Da a da ne, shi kaɗai ya ishi mutum biyu." Ta haɗiye yawu, ta runtse ido, ta koma zamanta.

Na tsallake shinge. Gonar wayam. Na bi sawun ƙafa har gidan Kawu Sarun. A ƙarƙashin gidan, wanda ke kan dirkoki, na tarar da matarsa, Gwaggo Kunthea, tana daka a turmi, ƙamshin kayan haɗi ya cika wurin. Gefenta manyan randuna biyu, an rufe bakinsu da raga. Cikinsu ana ta motsi.

"Gwaggo, kwaɗin nan na wat ne."

"Da rubutu a bayansu?"

"Ni na zuba su a gonarku."

"To na gode. Abin da ya shigo gonata nawa ne. Gobe ka zo da kwano."

Kawu Sarun na kwance a ragar lilo, zufa na bin wuyansa, kwanon rufinsa na ta ƙaƙas a rana tun ba ta ɗaga ba. Bai tashi ba.

"Kada ka damu, Borei. Gwalalonka ya yi amfani ɗaya. Ba kowane gini ke samun haka ba."

Na juya. A hanya na yi tunanin sata. Randa ba ta satuwa. Na yi tunanin rodi, da kafaɗata.

Ranar ta zo daidai da ranar ibada ta tsakiyar wata, lokacin da gari ke taruwa a wat da abincin 'yan zuhudu kafin rana ta take. A bakin ƙofa na wuce wata mata mai kejin tsuntsaye. Mutum ya sayi ɗaya ya sake shi, ya samu ladan 'yanta rai. Na tsaya ina kallon wani tsoho yana buɗe hannu, tsuntsu ya tashi. Na ɗaga kai. A saman ƙofar sunan Kawu Sarun ne da ruwan zinari, don a san shi ya biya kuɗinta. A jikin tankin ruwa sunansa ne. Har a bangon ban-ɗaki.

Aka gama karatu, aka miƙa abinci. Lok Ta ya tambaya ko da mai sanarwa. Ban taɓa buɗe baki a taro ba. Na matsa da gwiwa, na haɗa hannu.

"Lok Ta, Kawu Sarun ya tara rayuka ɗari uku a randa zai 'yanta su yau. Kunyar faɗi yake ji."

Sai tsofaffi suka ɗaga hannu sama da goshi suna sa albarka, murya na bin murya. Mai riƙe da lasifika, ba tare da an sa shi ba, ya maimaita har kasuwa ta ji.

Lok Ta ya dube ni. Ya daɗe. Sannan ya dubi Kawu Sarun.

"Haka ne, Sarun?"

Kawu Sarun ya waiga ɓangaren mata. Gwaggo Kunthea ta yi masa kallon da zai iya gasa kwaɗo ba wuta. Ya waigo ya dubi lasifikar. Ya gyara wuyan farar rigarsa.

"Ɗari uku da goma sha biyu ne, Lok Ta."

Na yi ƙarya a gidan ibada, a ranar ibada, a gaban Lok Ta. Na san in na mutu a me zan dawo duniya: kwaɗo. Na ce aƙalla akwai ruwa mai kyau da na tanada.

Aka ɗoro randunan a kura, yara na biye, wani ya ɗauko ganga. Kawu Sarun ya ce a nufi rafi. Lok Ta ya ce a rafi kafin rana ta faɗi suna cikin kwandon wani, wannan ba 'yanci ba ne, canjin tukunya ne. Wuri ɗaya ne a garin nan da ba mai taɓa su.

Haka Kawu Sarun ya durƙusa a kan marmarar da na jera, da farar rigarsa, yana tsamo kwaɗi ɗaya-ɗaya yana sakewa a gwalalon da ya yi wa lissafin tifa. Da farko yana yamutsa fuska. Da aka kai wajen hamsin, mutane na ta yaba masa, sai ya fara yi wa kowanne addu'a. Babban nan mai shaƙaƙƙiyar murya ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ta tagar ɗaki na hango Kaka Sokhom ta kau da kai.

Gwaggo Kunthea ta zo ta tsaya kusa da ni, fuskarta da murmushi saboda jama'a.

"Kayan haɗin da na daka tun safe, kai zan cusa wa."

"To, Gwaggo."

"Ka gaya wa uwarka ta haifi lauya."

Taro ya watse. Saura ruwan sama, domin kwaɗo ba ya kuka sai an jiƙa masa duniya. Ranar kuwa sama ta yi tas. Na zauna a gada ina kallon gabas. Ƙarfe uku, ba gajimare. Ƙarfe huɗu, ba gajimare. Kwaɗi ɗari uku da goma sha biyu sun yi lamo a ƙarƙashin bado kamar su aka sa halwar.

Ƙofar Kaka Lun ta buɗe. Ta fito da ƙunshinta a hammata. Ta sauko mataki ɗaya. Ta huta. Ta sauko na biyu.

Na faɗa cikin ruwa da bokiti. Na ɗiba na watsa a jinkar ɗakin Kaka Pring. Ruwan ya zubo ta ganyen giginya yana shaa, ya ɗiɗɗiga a gwalalo. Na sake. Na sake. Kaka Lun ta tsaya a mataki na huɗu tana kallona kamar yadda ake kallon mahaukacin kasuwa. A bokiti na tara wani ƙaramin kwaɗo, wawan cikinsu, ya yarda. Na kusa da shi ya amsa. Sai babban ya buɗe maƙogwaro, gaba ɗaya suka ɗauka.

Kaka Lun ta juya. Hawanta ya fi saukarta sauri.

Awa guda ina watsa ruwa, don in na tsaya su ma sai su tsaya. Wani ɗan zuhudu ya zo wucewa ya tambaye ni me nake yi. Na ce gwajin yoyo. Washegari aka yi ruwan gaske, kafaɗata ta huta.

Rana ta bakwai suka tsallako gada su uku a jere, kai a sunkuye, hannu a haɗe. Jama'a na cewa dubi yadda fuskokinsu suka yi haske. Lok Ta na zaune a tabarma a inuwa. Ya kira Kawu Sarun.

"Tifa nawa ka ce, Sarun?"

"Haba, Lok Ta. Wa zai binne ladansa da hannunsa? Ni dai a rubuta a jikin gadar, don na baya su yi koyi."

Lok Ta ya yafito ni. Na matso da gwiwa.

"Za ka gina sauran shidan, jika."

"Na gode, Lok Ta."

"Tsakar wat kuma kai za ka share ta wata guda. Ka san dalili."

"Na sani."

"Sababbin, ka nisanta su. Taku arba'in tsakanin ɗaki da ɗaki. Waɗannan ukun ma a ɗaga biyu." Ya sosa kunnensa na hagu. "Wannan har yanzu yana aiki. Shekara sittin ina jin kwaɗi, ban taɓa jin wanda ya sayi saniya ba."

Kaka Pring ta ƙara sunkuyar da kai. Kaka Lun ta shiga tari.

Kwana biyu bayan nan motar Thailand ta tashi ba ni. Uwata ba ta ce na yi ƙoƙari ba. Ta dai ƙara mini kifi a shinkafa.

Ranar da zan kafa turaku na ɗauki igiya da guduma na tafi bayan wat. Na tarar da Kaka Sokhom ta riga ni, tana tsaye da sandarta a gindin ɗakin farko.

"Kaka, me kike yi a nan?"

"Awo na zo taya ka. Kai ƙafarka ta cika tsawo, sai ka ɓata wa Lok Ta fili."

Ta fara takawa, diddige na taɓa ɗan yatsa, tana ƙirgawa da ƙarfi. Da ta kai arba'in ta soka sandarta a ƙasa. Na duba. In Kaka Lun ta ɗan ɗaga murya, za a ji.

"Kafa a nan," in ji ta.

Na ƙara taku biyar nawa, don Lok Ta. Ta harare ni. Na rage biyu, na buga turken.